Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya: Horarwa kan Ilimin Raɗaɗi a Aikin Tausa, Ɗori da Gashin Ƙashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maɗora da wanzamai, 'yan uwa masu tausa, da abokan aiki masu gashin ƙashi waɗanda aka fi sani da kine a asibitocinmu, kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin gabatar muku da rahoton abin da ƙungiya ta yi a shekarar da muke bankwana da ita. Kamar yadda babban taron bara ya yanke a nan Garwa ta arewacin Kamaru, mun tattara ƙarfinmu wuri guda, wato horar da mambobi kan ilimin raɗaɗi da yadda za a yi aiki da shi a kan tabarma ko gadon da muke duba majinyata. Saboda haka mafi yawan rahoton zai tsaya a kan wannan horo, sauran al'amura kuma zan taɓa su a gurguje.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan fanni

Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san cewa ciwon baya da na ƙugu su ne suka fi kawo mana mutane. Manomin da ya wuni a sunkuye yana dashen dawar muskuwari ko cirar auduga, matar da take jan guga tun asuba, da matashin da yake tuƙa babur na haya a kan hanyoyi masu gargada, duk a ƙofarmu suke ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 a 2050, kuma shi ne kan gaba a cikin abubuwan da suke naƙasa mutane a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo ba a iya nuna wani ƙashi ko jijiya guda a ce daga nan ne matsalar take. A wajenmu akwai ƙarin abin damuwa, domin wanda ciwo ya hana shi neman abinci yakan koma ga ƙwayar tramol da ake sayarwa a bakin titi, kuma dukkanmu mun ga matasan da suka fara shan ta saboda ciwon baya suka wayi gari ba sa iya rabuwa da ita.

Darussan da aka gudanar

An fara zaman karatu a lokacin hunturu, aka ci gaba har cikin bazara, sai dai zafin watan Maris da Afrilu ya tilasta mana mayar da zaman zuwa bayan sallar la'asar. Darasin farko ya tsaya a kan ma'anar raɗaɗi kamar yadda Ƙungiyar Nazarin Raɗaɗi ta Duniya ta shimfiɗa a 1979 ta kuma sabunta a 2020. A taƙaice, raɗaɗi abu ne marar daɗi da mutum yake ji a jikinsa da kuma ransa, wanda yake tafiya da lahanin da ya samu nama ko yake barazanar samunsa, ko kuma yake kama da hakan. A cikin bayanan da aka haɗa wa sabuwar ma'anar akwai cewa yanayin jiki da na zuciya da na zamantakewa duk suna da hannu a abin da mutum yake ji, kuma wajibi ne a mutunta maganar wanda ya ce yana jin zafi. Wani dattijo a cikin maɗoranmu ya ce ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ganina bayaninsa ya fi na takardar da muka raba shiga kunnen mahalarta.

Darasi na biyu ya fi kowanne jan hankali, domin ya bayyana mana dalilin da ya sa hannunmu yake aiki. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka fito da bayanin cewa saƙon haɗari da yake tasowa daga fata ko nama ba ya zarcewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya ratsa wata mashiga a cikin laka, inda ake iya ƙara masa ƙarfi ko a rage. Jijiyoyi masu kauri da suke ɗaukar saƙon taɓawa da shafa suna taimakawa wajen rufe wannan mashiga, jijiyoyi sirara masu ɗaukar saƙon haɗari suna buɗe ta, ita kanta ƙwaƙwalwa kuma tana aiko da nata umarnin daga sama. Uwar da ɗanta ya buga goshi a bango ta jawo shi tana murza masa wurin tana lallashi, da wannan hanya take aiki ko da ba ta san sunanta ba. Daga nan mahalarta suka fahimci cewa tausa tana kwantar da jijiyoyi, kuma fuskar mai tausa da kalaman bakinsa suna shiga cikin maganin kamar yadda man da yake shafawa yake shiga.

Mun kuma yi bayanin ciwon da ya zarce wata 3 yana nan ko yana dawowa, wanda kundin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a Janairun 2022, ya ware masa rukuni na kansa. A irin wannan hali sau da yawa raunin farko ya riga ya warke, amma jijiyoyin sun zama masu saurin firgita, kamar karen da ɓarayi suka taɓa shiga gidansu, wanda yanzu ko ganye ya motsa sai ya yi haushi.

Wahalar harshe

A nan ne muka fi daɗewa, kuma ina ganin nan ne aikin shekarar ya fi amfani. A Hausa kalmar ciwo tana ɗaukar cuta, tana ɗaukar rauni, tana kuma ɗaukar zafin da ake ji. Idan mutum ya ce ya ji ciwo, yana iya nufin ya yanke ko ya karye, yana iya nufin abu ya yi masa zafi kawai. Ilimin da muke koyarwa kuwa ginshiƙinsa shi ne rarrabe tsakanin zafin da ake ji da lahanin da yake jiki, domin ba kullum suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. Mun kawo labarin wani magini da wata mujallar likitoci ta Ingila ta buga a 1995, wanda ya dira a kan ƙusa mai tsawon santimita 15 ta huda takalminsa ta ɓullo ta sama, ya yi ta ihu har sai da aka ba shi maganin kashe zafi mai ƙarfi, amma da aka cire takalmin sai aka tarar ƙusar ta bi ta tsakanin yatsunsa ba ta taɓa nama ba. Zafin da ya ji gaskiya ne, ba kwaikwayo ya yi ba. A ɗaya ɓangaren kuma kowannenmu ya san manomin da fartanya ta sare shi a ƙafa bai lura ba sai da ya ga jini.

Bayan doguwar tattaunawa muka amince mu riƙa amfani da raɗaɗi ko zafi idan muna nufin abin da ake ji, rauni ko lahani kuma idan muna nufin abin da ya samu nama da ƙashi. Mun kuma horar da mambobi su saurari kalmar da majinyaci ya zaɓa da kansa, domin zugi daban yake da suka, tsami daban yake da ƙuna, kuma wanda ya ce yana jin kamar ana zuba masa barkono ko kiyashi suna tafiya a ƙafarsa yana iya nuna matsala a jijiyar kanta. Tunda da yawa daga cikin majinyatanmu Fulatanci suke yi, mambobin da suka iya harshen sun fara irin wannan tankaɗe da rairaya a cikinsa, amma aikin bai kammala ba.

Hoton ƙashi da kalaman da muke furtawa

Zan kawo abin da na gani da idona. A farkon damina wani magidanci ya zo wurina daga wajen Pitowa, riƙe da babbar ambulan ta hoton ƙashi a naɗe cikin leda, ya ajiye ta a gabana da hannu biyu kafin ma ya gama gaisuwa. Wanda ya fassara masa takardar daga Faransanci ya ce masa bayansa ya lalace, kuma tun daga ranar ya daina zuwa gona, ya koma yin salla a zaune, ko butarsa sai an miƙo masa. Na ce masa, "Baba, bari mu ajiye hoton nan tukuna, ka tashi ka taka zuwa ƙofa in gani." Na duba ƙarfin ƙafafunsa, na tambaye shi batun fitsari da zazzaɓi da rama, ban ga abin tsoro ba. Sai na yi masa bayanin wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin komai a bayansu, ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da alamar zaizayewar guringuntsin da yake tsakanin ƙasusuwan baya, a wajen 'yan shekara 80 kuwa adadin ya kai kashi 96. Na ce masa abin da hoton ya nuna ɗan uwan furfura ne. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko ke nan zai iya yin ruku'u. Da ruku'un muka fara, kaɗan kaɗan, hannunsa a kan kujera.

Wannan ne ya sa kwamiti ya roƙi mambobi su daina furta irin su "ƙashinka ya goce", "bayanki ya ƙare", ko "jijiya ta hau kan jijiya" ba tare da hujja ba. Kalaman nan suna jawo ciniki, domin wanda ya tsorata zai yi ta dawowa, amma suna ɗaure mutum fiye da ciwon da ya kawo shi.

Wajibi ne in faɗi kuskuren da aka samu daga ɓangarenmu. Wata mamba da ta halarci darasin farko kaɗai ta ce wa wata majinyaciya ciwonta a ƙwaƙwalwa yake, mijin matar kuwa ya ɗauka ana nufin taɓin hankali ko ƙarya, har aka daina kai ta magani na wani lokaci. Laifin na kwamiti ne, domin mun bar mutane sun tafi da rabin darasi. Mun je gidan mun ba da haƙuri, mun kuma tsayar da doka cewa babu wanda zai yi wa majinyaci wannan bayani sai ya kammala karatun ya kuma gwada shi a gaban 'yan uwa.

Alamomin da suke buƙatar asibiti

Ilimin raɗaɗi ba izini ba ne na raina ciwo. Mun ware zama na musamman kan alamomin da ba a tausa su, ba a kuma jinkirta su: ciwon baya tare da zazzaɓi da gumin dare da rama, wanda a yankinmu yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, kasa riƙe fitsari ko bayan gida tare da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, raunin ƙafa da yake ƙaruwa, da matsanancin ciwon ƙashi ga mai amosanin jini. Ga iyayenmu maɗora kuma an maimaita cewa idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka sauya launi bayan ɗauri, kuma zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance karan nan take a garzaya asibiti, domin jini ne ya daina gudana, kuma sa'o'i kaɗan sun isa a rasa hannu. Ina godiya ga dattawan da suka karɓi wannan magana daga bakin 'ya'yansu ba tare da ɓacin rai ba.

Inda ba a cimma matsaya ba

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya, wadda ta goyi bayan ilimantar da majinyaci, motsa jiki, tausa da wasu hanyoyin gyaran tunani, amma ta ce kada a mayar da ɗamarar ƙugu, jan ƙashin baya da na'ura, da magungunan dangin tramol abin yi na yau da kullum. Batun ɗamara ya jawo muhawara mai zafi, domin wasu mambobi suna sayar da ita, kuma sun ce majinyata da kansu suke nema. Ra'ayina shi ne mu bi jagorar, amma babban taro ne zai yanke. Haka nan wanzamai sun nemi a keɓe zama kan ƙaho da tsaga, musamman batun tsabtar aska, kuma kwamiti ya amince.

Sauran al'amura

A ranar 8 ga Satumba, wadda ita ce ranar masu gashin ƙashi ta duniya, mambobi sun duba jama'a kyauta tare da koya musu motsa jiki. Ziyarar da aka shirya kai wa 'yan uwa na Marwa da Ngaundere ba ta yiwu ba saboda ƙarancin kuɗin mota, ta garin Gidar ce kawai aka samu yi. Kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba, kuma ma'aji zai karanta cikakken lissafi a gaban taro. Mun yi rashin wasu daga cikin dattawanmu a wannan shekara, Allah Ya jiƙansu Ya sa Aljanna ce makomarsu.

A shekara mai zuwa kwamiti yana son a maimaita karatun ga waɗanda ba su samu halarta ba, a naɗi darussan da murya cikin Hausa da Fulatanci domin a tura ta WhatsApp ga mambobin da ba sa karatun boko, sannan a shirya zama na mata zalla da rana, tunda da yawa daga cikin masu tausa da ungozoma ba sa samun fitowa da yamma. Ana roƙon duk mai son shiga zagaye na gaba ya ba da sunansa ga wakilin unguwarsu kafin ranar babban taro, ya kuma zo da labarin majinyaci guda da ya ba shi wahala, ba tare da ambaton suna ba, domin da irin waɗannan labarai za mu buɗe zaman farko in Allah Ya yarda.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru