Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙwadago kan hutun haihuwa da ma'aikacin da aka sallama

Assalamu alaikum, Mai girma Minista.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mace ce da na yi shekara 9 ina lissafin albashi a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa a Kano. Da hannuna na buga takardun sallamar mutane masu yawa, kafin wata rana aka miƙo mini tawa. Don haka abin da zan faɗa maka ba jiyau ba ne, ganau ne.

Ranka ya daɗe, Dokar Ƙwadagon da muke aiki a ƙarƙashinta tun 1974 take, zamanin Janar Gowon. Sashe na 54 ya ba mai ciki mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, kuma ya ce a biya ta aƙalla rabin albashi, idan ta yi wata 6 tana aiki a wurin. Mako 6 kwana 42 ne. Wato arba'in da kwana biyu. Mai jego ta gama wankan jego yau, jibi ta ɗaura zane ta hau adaidaita sahu ta koma bakin inji. Wadda aka yi wa aiki aka ciro mata yaro ma haka, ɗinkin bai gama kamewa ba. A asibiti kuwa malaman jinya suna ta yi mana huɗubar nono zalla har wata 6, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta ce. To da wane lokaci? Doka ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Wadda take aiki a Sharaɗa, gidanta yana Rijiyar Zaki ko Gaida, rabin awa ko bakin titi ba zai kai ta ba, balle ta shayar ta dawo.

Gwamnati ta san wannan bai isa ba, domin ta gyara wa nata ma'aikatan. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da mako 16. A 2021 Majalisar Zartarwa ta amince da kwana 14 ga maza idan matansu sun haihu. Legas ta ba ma'aikatanta mata wata 6 tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Na yi murna da wannan har zuciyata. Amma malamar makarantar kuɗi, da mai tsaron kanti, da mai cusa kaya a leda a kamfani, su aka bari da lissafin 1974. Namijin da ke kamfani kuwa ko kwana ɗaya doka ba ta ba shi ba. Na ga magidancin da aka yanke wa kuɗin kwana uku saboda ya kwana asibiti da matarsa, ya kuma tsaya aka yanka ragon suna.

Ga inda nake so ka tsaya ka duba da kyau. Rabin albashin nan, daga aljihun mai kamfani kaɗai yake fita. Shi ya sa cikin mace ya zama asara a littafinsa. Doka ta hana a ba mace takardar kora tana cikin hutun haihuwa, to sai ba a jira ta kai hutun. Da zarar ciki ya fito, sai a ce kwantiraginta ya ƙare, ko a ce ana rage ma'aikata. Na san wata abokiyar aikina da ta riƙa ɗaure ciki da ɗankwali a ƙarƙashin hijabi har wata bakwai, tana tsaye awa takwas. Ranar da aka gane, mako bai zagayo ba aka ce in buga takardarta. Na buga. Har yau idan na tuna, barci yana ƙaurace mini. Wajen ɗaukar aiki ma, tambayar farko da ake yi wa budurwa ita ce yaushe za ta yi aure.

Sai ranar sallama. A ƙasar nan babu wani alawus da ake biyan wanda ya rasa aiki. Sashe na 20 ya ce idan za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyar ƙwadago, a fara da wanda ya zo ƙarshe, mai kamfani kuma ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta kuɗin sallama. Iya ƙoƙarinsa! Ba a faɗi ko kwabo nawa ba. Inda babu ƙungiya, kamar wurinmu, ƙoƙarin ya tsaya a kan albashin wata ɗaya a madadin notis, shi ma don na haura shekara 5 ne. Wanda ya haura wata 3 amma bai cika shekara 2 ba, notis ɗin mako ɗaya ne haƙƙinsa.

Ƙofa guda ce ta rage: Dokar Fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba, ya ciri kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun fanshonsa. Na bi wannan hanya. Wata huɗun nan da bashin mai shago da adashin 'yan'uwa na ci su. Da kuɗin ya zo kuma, ba taimako ba ne daga kowa, guzurin tsufana ne na ci tun da ƙuruciya. Akwai abokan aikina da suka je suka tarar an yi shekaru ana yankar musu kashi 8 na albashi ba a zuba a asusun ba. Leburori na wucin gadi kuwa ko asusun ba su da shi. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna ya san yadda ma'aikatan masaƙu suka ƙare bayan an rufe masaƙar KTL a 2002, ana jiran haƙƙi har wasu suka riga mu gidan gaskiya.

Abin da nake roƙo ba baƙon abu ba ne. A Afirka ta Kudu akwai asusun inshorar rashin aiki, UIF: ma'aikaci ya zuba kashi 1 na albashinsa, mai kamfani kashi 1, daga ciki ake biyan wanda ya rasa aiki da wadda ta haihu na wasu watanni. Nan maƙwabta a Nijar, hutun haihuwa mako 14 ne, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar, CNSS, tana ɗaukar wani ɓangare na kuɗin. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, mako 14 ta ce, da aƙalla kashi biyu cikin uku na albashi, kuma a biya daga asusun haɗaka domin kada nauyin ya faɗa kan mai ɗaukar aiki shi kaɗai. Mu ma muna da tushe: hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF tana ƙarƙashin ma'aikatarka, tana karɓar kashi 1 na albashi daga kamfanoni tun dokar 2010, amma don rauni da cuta da mutuwa a wurin aiki kawai. A faɗaɗa ta. Na san mutane za su ce ba su yarda da wani sabon asusu ba, kuma suna da hujja. To a sa wakilan ma'aikata a kai, a riƙa buga lissafi duk wata uku, kuɗin ya shiga asusun bankin mai haƙƙi kai tsaye.

Kafin nan, akwai abin da ba ya jiran Majalisa. Ka tura jami'an duba ƙwadago Sharaɗa da Bompai da Challawa ba tare da sanarwa ba, su nemi littafin albashi da shaidar zuba fansho, su tambayi mata nawa suka tafi hutun haihuwa, nawa kuma suka dawo. A cikin shekara 9 da na yi, ban taɓa ganin an yi mana wannan tambayar ba. Sannan ka kai gyaran sashe na 54 gaban Majalisa: hutu ya kai mako 16 ga kowace ma'aikaciya, kariya daga kora ta fara tun ranar da ta sanar da ciki, uba kuma ya sami kwanakinsa.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Tsohuwar ma'aikaciyar kamfani,
Kano.