Augie Garrido da lissafin da ke bayan kofunansa biyar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasanni, wanda ƙwallon ƙafa ta cinye kusan gaba ɗaya, in yi bayani kan aikin babban koci a wasan besbol na jami'o'in Amurka. Zan kafa misali da marigayi Augie Garrido, domin masu yabonsa kan tsaya ne a kan kofuna, alhali nauyin aikin yana wani waje daban.

Garrido ya fara horar da jami'a a San Francisco State a 1969. Ya wuce Cal Poly, sannan Cal State Fullerton, inda ya ci kofin ƙasa a 1979 da 1984. Bayan shekara uku a Illinois ya koma Fullerton ya ƙara na 1995. Jami'ar Texas ta ɗauke shi daga kakar 1997, ya ba ta kofi a 2002 da 2005. Ya ajiye aiki da nasara 1,975.

Kafin a kai ga kofi, sai an buga wasa har 56 daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu. Daga nan ƙungiya 64 ke shiga gasar ƙasa, a raba su rukuni 16, huɗu-huɗu, wanda aka doke sau biyu ya koma gida. Sai a tace su har takwas su rage, su je birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ake ƙarƙare gasar tun 1950.

Babban ciwon kan koci shi ne rabon tallafin karatu. A duk zaman Garrido a Texas, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ba ta yarda ƙungiyar besbol ta raba tallafin da ya wuce cikakken kuɗin karatun ɗalibi 11.7 ba. A shekarunsa na ƙarshe 'yan wasa 35 ake yarda a riƙe, 27 kaɗai za su samu kaso, kuma ba a ba mutum ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. To ka ga kusan kowa iyayensa ne ke cike gibin kuɗin makaranta. Idan koci ya zuba kaso mai tsoka a kan mai jifa guda, wato wanda ke jefa wa mai sanda ƙwallo, yaron ya ji ciwo a gwiwar hannu, kuɗin sun tafi, babu na ɗauko wani.

Ga kuma manyan ƙungiyoyin ƙwararru na MLB da ke zaɓen sabbin 'yan wasa kowace shekara. Suna iya ɗauke yaro da zarar ya gama sakandare, ko bayan shekararsa ta uku a jami'a. Koci zai yi shekara biyu yana zarya gidan su yaro, a sa hannu, sai ƙwararru su ajiye kuɗi yaron ya bi su. Dole koci ya yi hasashen nawa za su tsere. In ya ɗebi yara da yawa kuma ba su tafi ba, sai ya sallami wasu, sunansa ya ɓaci a wurin malaman sakandare. In ya ɗebi kaɗan, ya shiga kaka da ɓaraka.

Wannan lissafi, a ganina, shi ya sa salon Garrido ya yi tasiri. Bai dogara da ƙarti masu cilla ƙwallo bayan katanga ba, don su ne ƙwararru ke fara wawurewa. Ya fi son a tara maki ɗaya-ɗaya: mutum na farko ya samu ya tsaya a zangon farko cikin ukun da ake bi kafin a dawo gida a ci maki, na biyu ya tare ƙwallo da sanda ta gangara kusa, ya sadaukar da kansa domin ɗan'uwansa ya kai zango na biyu, na uku ya buga ta inda za ta kawo shi gida. Masu suka na cewa ana zubar da dama ɗaya cikin ukun da ƙungiya ke da su a kowane zagaye a banza, kuma suna da hujja, musamman a zamanin sandar alminiyom mai cilla ƙwallo nesa, lokacin da aka tashi wasan ƙarshe na 1998 da ci 21 da 14. Amma da aka rage ƙarfin sandunan a 2011, maki ya yi wuya, salon nasa ya ƙara daraja.

Inda ba zan kare shi ba shi ne batun hannun masu jifa. Ana buga manyan wasanni Juma'a, Asabar da Lahadi, kowace rana da mai fara jifanta, wanda ke samun kusan mako guda yana hutawa. A gasar fitar da gwani wannan tsari kan rushe. A 2009 Texas ta kara da Boston College har zagaye 25, maimakon tara da aka saba, kuma Garrido ya bar mai jifansa Austin Wood ya yi zagaye 13, jifa 169. Texas ta ci 3 da 2, amma an yi ta sukar kocin. Jijiyar gwiwar hannu idan ta tsinke, sai tiyatar da ake kira Tommy John, kuma jinyarta kan ci shekara guda zuwa ɗaya da rabi.

A 2016 Texas ta ci wasa 25, aka doke ta 32, Garrido ya sauka daga kujerar. Ya rasu a watan Maris na 2018, kuma a shekarar ce Mike Martin, kocin Florida State, ya zarce shi a yawan nasara. Martin ya tsaya a 2,029, ya kai Omaha sau 17, bai taɓa ɗaga kofin ba. Daga 2025 kuma an cire ƙa'idar 11.7 ga jami'o'in da suka shiga sabon tsari, aka ƙayyade musu 'yan wasa 34, kowace ta ba da tallafi gwargwadon aljihunta.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai bibiyar shafin wasanni