Wasiƙa kan mayar da sitonka situdiyo

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya zafin Sakkwato? Na ga hotunan siton bayan gidan da awon da ka turo, ƙafa 10 a 12, rufin kwano, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. Zai yi situdiyon ɗaukar murya, amma don Allah kada ka sayi ko ƙusa sai ka ɗauki alli ka zana komai a daɓen: tebur, kujera, inda mai waƙa zai tsaya, da inda ƙofa take kaiwa idan an buɗe ta.

Maganar da ka kawo ta raba shi biyu da gilashi, ka bar ta. Idan ka yanke ƙafa 4 don ɗakin murya, za ka tashi da ƙananan akurki biyu, muryar ta fito kamar daga cikin randa, mai waƙa kuma ya jiƙe da gumi kafin ya kai amshi. Ɗaki ɗaya mai kyau ya ishe ka, kowa ya sa abin saurare a kunne.

Teburin ya fuskanci gajeren bango, mai ƙafa 10, daidai tsakiya, ta yadda nisan hagu da dama zai zama ɗaya. Kanka ya kasance kamar ƙafa huɗu da rabi daga bangon gaba. Kada ka zauna a tsakiyar ɗakin cif, nan ne kauri na kiɗa yake ɓacewa, sai ka yi ta ƙara shi, in an kunna a mota ya yi yawa. Lasifika biyun da kanka su zama kusurwa uku daidai wa daida, kowane gefe kamar ƙafa uku da rabi, tsayinsu daidai kunnenka. Faɗin teburin kada ya wuce ƙafa 2 daga gaba zuwa baya. Makirufo yana bayanka, gefe kaɗan, nesa da lungu da kuma bango aƙalla ƙafa 2.

Kafin duk wannan akwai ruwa da rufi. A hoton na ga daɓen sito daidai yake da tsakar gida, ke nan ruwan Agusta zai shigo. A ɗaga shi inci 6, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare, a kuma yi feshin gara. Kwano shi ne babban abokin gabarka: da rana gashi, da damina ƙara. A yi silin mai nauyi, a shimfiɗa audugar rockwool, wadda ake yi da dutse don tare zafi da shanye sauti, a samansa, a bar iska tana ratsawa tsakaninta da kwanon. Tsayin silin ya tsaya wajen ƙafa takwas da rabi. Idan ya kai 10 ya yi daidai da faɗin ɗakin, sautin ya riƙa taruwa wuri guda yana gunji.

Mutane suna rikita abu biyu. Hana ƙarar waje shiga, nauyi ke yin sa da toshe kafa. Soso da kiret ɗin ƙwai ba sa tare ƙarar janaretan maƙwabci ko injin niƙa, soson ma ga saurin kama wuta. Ƙofar ta zama katako mai kauri, ta buɗe waje don kada ta ci maka fili, a zagaye ta da roba har ƙasa. Kashe fitila da rana ka duba: duk inda haske ya shigo, ƙara da ƙurar hunturu za su bi. Tagar a toshe ta da bulo, ko a yi mata gilashi biyu da tazara tsakani.

Gyaran sautin ciki kuwa, kafinta ya haɗa maka firam 8, ƙafa 2 a 4, kaurin inci 4, a cika da rockwool, a rufe da yadin da numfashi ke ratsawa. Zauna a kujerarka, wani ya ja madubi a jikin bangon gefe. Inda ka hango lasifika, nan za a rataya ɗaya, hagu da dama. Ɗaya a silin saman kanka, ɗaya bayan mai waƙa, huɗu a tsaye a lunguna. Bari filasta ta bushe sosai tukuna, in ba haka ba bayansu zai yi fumfuna.

Wayarin a gama shi kafin filasta. Waya mai kaurin 2.5 ga soket, mai 1.5 ga fitilu, AC da layinsa daban. Soket huɗu a bangon tebur ba su yi yawa ba. A kafa sandar at, wato ƙarfen da ke kai ɓatacciyar wutar lantarki cikin ƙasa, a ƙasa da gaske, don rashinta na iya jawo gurnani a lasifika. Wayar sauti kada ta jera da ta wuta, in dole ne su gicciye juna. Inbata da batura a waje, cikin inuwa, saboda ƙarar fankarsu da zafi. AC mai doki 1 ya isa. Kada a kafa shi saman kayan aiki don yana ɗigar ruwa, na wajen kuma a ɗora shi a ƙasa, kada a manna shi a bangon.

Idan ka zana allin, turo min hoto kafin magini ya zo. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.