Giwayen Yankari da gonakin maƙwabtansu: a agaza wa manomi tun kafin kaka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi magana a kan matsalar da ke dawowa duk shekara a ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajin Yankari, a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi, wato ɓarnar da giwaye ke yi wa gonaki daga tsakiyar damina har zuwa kaka.

An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma ba shi da shinge. A wurare da dama kunyar ƙarshe ta gonar manomi tana kallon itatuwan gandun ne kai tsaye. Giwayen da suka rage a ciki ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, kuma suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya baki ɗaya, inda adadin giwaye ya faɗo daga wajen 1,500 zuwa ƙasa da 400 cikin shekara talatin. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ba ta sake haihuwa sai bayan shekara huɗu ko biyar. Garken da aka yi wa giɓi, kafin ya cike sai yaran yau sun yi furfura.

An yi ƙoƙari wajen tsare su daga maharba, ba mu musun wannan. Tun da gwamnatin jihar ta haɗa hannu da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014 sintiri ya ƙaru, kisan giwa don haure ya yi ƙasa ƙwarai, an kuma ɗauki wasu mutanen ƙauyukan aka ba su waya domin su riƙa sanar da ma'aikata idan garke ya fito. Abin da ke damunmu shi ne, nauyin zama da giwa a kan mutum ɗaya yake faɗawa: mai gonar da ke bakin daji. Babbar giwa tana cin abincin da ya kai kilo 150 a yini, abin da take tattakewa kuma ya fi abin da take ci. Garke na goma in ya kwana a gonar dawa mai eka biyu, da safe sai karan da ya kwanta, da sawun ƙafa kamar faifai, da tulin kashi cike da tsabar da mai gona ya yi wata huɗu yana jira. Mutumin da ya wayi gari haka, ranar da maharbi ya zo ƙauyensu yana tambayar inda garke yake sha ruwa, mene ne zai hana shi nuna masa? Tsaron giwa a cikin daji ba zai ɗore ba matuƙar ba a tsare gonar da ke wajen dajin ba.

Ya kamata a fara da sanin lokacin. Da rani namun Yankari suna taruwa ne a kwarin kogin Gaji saboda ruwa. Da damina ta kankama, ko'ina akwai kududdufi, sai garke ya bazu ya kusanto iyaka. Ba shukar da ta tsiro ke jawo su ba, hatsin da ya fara nuna ne, musamman masara da dawa daga watan Agusta zuwa Nuwamba. Da dare suke fitowa, kuma sukan bi hanyoyin da suka saba bi shekara da shekaru, waɗanda tsofaffin mafarautan kowane ƙauye sun san su ɗaya bayan ɗaya. Ke nan aikin kariya na wata uku ne zuwa huɗu, a wasu mashigai sanannu. Wannan abu ne da ake iya shirya masa tun bazara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mafi sauƙin kariya ita ce shingen barkono, wanda manoman Tanzaniya da Zambiya suka daɗe suna amfani da shi. Don eka ɗaya ana buƙatar dirkoki kamar 36 masu tsawon mita uku, a kafa su da tazarar taku bakwai zuwa takwas, da igiyar rama wadda za ta kewaya gonar sau biyu, da tsummoki kamar 36 masu faɗin ɗankwali, da baƙin mai na mota lita goma, da dakakken barkono mai zafi kilo biyu da rabi. A kwaɓa barkonon da baƙin man, a jiƙa igiya da tsummokin a ciki har su sha, a ɗaura igiya ɗaya daidai kan mutum, ɗayar kuma sama da ita da kamu ɗaya ko biyu, a ɗaure tsumma tsakaninsu a kowane giɓi. Hancin giwa ya fi idonta aiki nesa ba kusa ba, warin nan kuwa yana hana ta matsowa. Mai kwaɓin ya sa leda a hannu ya rufe hancinsa, kuma kada a bar baƙin man ya ɗiga a kan amfanin gona ko kusa da rijiya.

Inda ake samun kuskure guda uku ne. Wasu kan sayi tattasai ko barkono marar zafi saboda araha, alhali tsidugu ake so. Wasu kan shafa sau ɗaya su manta, alhali rana da ruwan sama suna kashe ƙarfinsa, sai an sabunta duk bayan mako uku, ko washegarin ruwa mai ƙarfi. Na uku, wanda ya fi yawa, shi ne mutum ɗaya ya kewaye gonarsa maƙwabcinsa bai yi ba, sai garken ya zagaya ya faɗa wa na kusa, gobe a wayi gari da gaba tsakanin 'yan uwa. Shingen na gayya ne: duk gonakin da ke fuskantar daji a ja musu layi ɗaya. Ana ƙara masa ƙarfi da hayaƙi, a cuɗa kashin giwa ko na shanu da garin barkono, a yi curi kamar tubali, a shanya ya bushe, da magariba a ɗora masa garwashi a gefen da iska za ta kwashi hayaƙin zuwa daji. In iska ta juya, masu gadin ne za su sha shi, don haka a duba ta kafin a kunna.

Shingen amya ya fi tsada, amma shi ne muke ganin ya fi dacewa da ƙasar Bauchi, inda kiwon zuma ba baƙon abu ba ne. Giwa tana tsoron ƙudan zuma domin yana harbinta a gefen ido da bayan kunne da cikin hanci, inda fata ba ta da kauri. Yadda ake yi shi ne a rataya amya tsakanin dirkoki biyu daidai ƙirjin mutum, a yi mata 'yar inuwa ta ciyawa, a bar tazarar mita goma, sannan a rataya ta gaba. Waya ɗaya ce ke haɗa su duka, ta yadda in giwa ta tura wayar da ƙirjinta amyoyin za su girgiza, ƙudan ya tashi. Don rage kuɗi ana sa amyar gaske ɗaya, ta bogi ɗaya, wato katako mai kamarta; eka ɗaya na cin na gaske 12 da na bogi 12. A ƙauyukan da ke gefen gandun Tsavo na ƙasar Kenya an gwada shi shekaru, aka ga yana mayar da kusan giwa takwas cikin goma da suka tunkari gona.

Sai dai amyar da babu ƙuda a ciki akwati ce kawai, kuma giwa tana ganewa. Dole a shafa mata kakin zuma tun kafin lokacin da ƙuda ke neman gida, a aje ruwa a kasko kusa da ita da rani tare da 'yan tsakuwa don kada ƙudan ya nitse, a shafa baƙin mai a gindin dirka saboda tururuwa da gara, a naɗa kwano mai santsi a jikinta saboda dage, wanda kan hau ya farfasa amya cikin dare ɗaya. Feshin maganin ƙwari a kan wake lokacin da yake fure yana kashe ƙudan ko ya kore shi. In ya zama dole, a yi shi da yamma liƙis bayan ƙuda ya koma gida. A shekarar fari kuma ƙuda kan yi ƙaura, shingen ya yi rauni. Kada a sa shi kusa da hanyar makaranta ko turken dabbobi. Ladansa shi ne ko giwa ba ta zo ba mai gona yana da zumar sayarwa.

Akwai kuma dabarar abin da ake shukawa a bakin daji. Giwa ba ta cika damuwa da riɗi da barkono da citta ba. In layin farko na gonaki, faɗin taku hamsin ko fiye, riɗi ne, masara da rogo da kankana suna can ciki kusa da gari, an rage abin da ke kiranta. Riɗi kuwa yana da kasuwa.

Duk waɗannan ba su ɗauke gadi ba. Rumfar gadi a kan itace mai ƙarfi, sama da inda hancin giwa zai kai, mutum biyu ko uku a kowace, da tocila mai haske sosai da ganga da waya mai caji. A ja igiya mai gwangwanaye da tsakuwa a ciki a kan mashigar, nesa da gona kaɗan, domin a ji zuwansu. Korar giwa kafin ta ɗanɗana hatsi ta fi sauƙi ninkin ba ninkin a kan fitar da ita bayan ta fara ci. Kuma a riƙa sauya abin tsoratarwa, domin in ganga ce kullum, cikin mako biyu za ta saba. Muna roƙon matasa su kiyaye abu uku saboda rayukansu. Kada a yi wa garke zobe, a bar masa hanyar komawa daji. Kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta. Kada a harbe ta da bindigar toka, domin ba ta kashe ta, rauni kawai take yi mata, giwa mai rauni kuwa ita ce ke kashe mai zuwa itace bayan wata guda. In ta baza kunnuwa ta ɗaga kai tana kururuwa, yawanci gargaɗi ne, a ja da baya a hankali. In ta kwantar da kunnuwa ta naɗe hanci ta sunkuyar da kai ta taho shiru, da gaske take, kuma ta fi mutum gudu.

Ko an yi duk wannan, wata gonar za ta lalace. Nan ne muke kira ga gwamnatin jihar Bauchi da majalisar dokokinta su kafa tsarin diyya tsayayye wanda kowane manomi ya san ƙa'idarsa. Shawararmu: mai gona ya kai rahoto ga mai unguwa cikin kwana ɗaya, cikin kwana uku mutum uku su je gonar, wato wakilin dagaci da malamin gona da ma'aikacin gandu, su auna wurin da aka ɓata, su ɗauki hoton sawu da kashi don a bambance ɓarnar giwa da ta shanu ko gwaggon biri, su ƙiyasta buhunan da aka rasa a kan farashin kasuwar makon, a biya cikin kwana talatin, da hatsi in mai gona ya fi son haka. Wanda ya yi shinge ya yi gadi a biya shi cikakke, wanda bai yi komai ba a ba shi rabi, don kada diyyar ta kashe himma. Saurin biya shi ne ran abin. Ƙasar Kenya ta sa diyya a dokarta ta 2013, amma mutane sun yi shekaru suna jiran kuɗinsu, jiran kuwa ya ƙara musu haushin namun dajin ne. Kuɗin kuma yana da mafita: a ware wani kaso sananne daga abin da baƙi ke biya a ƙofar gandun da ke Mainamaji da masaukin Wikki, a riƙa karanta lissafinsa a gaban hakimai duk shekara.

Cewa mutanen karkara ba su damu da namun daji ba, magana ce ta wanda bai zauna da su ba. Farautar gargajiya tana da lokacinta, tana da Sarkin Baka mai tsawatarwa, kuma mafarauci na ƙwarai ba ya harbin mai ciki ko mai shayarwa. A Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawan yankin Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996, kuma a cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin wake da mangwaro. Da aka haɗa tsaronsu da rijiyoyi da rancen sana'a da aikin rakiyar baƙi ga 'yan ƙauyukan, sai da suka haura 600. Mutanen Duguri da Mainamaji da sauran maƙwabtan Yankari ba su gaza na Kure ba. A ɗauki 'ya'yan mafarautansu aikin sintiri da albashi mai zuwa kan lokaci, a zauna da dagatai a zana mashigan giwa a takarda tun watan Afrilu, a kai barkono da igiya da amyoyi ƙauyukan kafin ƙarshen Yuni, domin masarar da aka shuka da ruwan farko tana fara goyo ne a watan Agusta.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu malaman gona da masu kiwon zuma,
daga Bauchi.