Zuwa ga Ummi, a kan maganar shayin nan

Assalamu alaikum.

Ummi, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau. Abbanku ya dawo, ƙafar Hajiya da sauƙi, har ta fara taka ta zuwa tsakar gida. Rubutu na zaɓa a kan waya saboda na san halinki, a waya sai ki yi ta "to Umma, to Umma" har kati ya ƙare, ba abin da ya shiga kunnenki. Wannan kuwa ki zauna ki karanta shi har ƙarshe.

'Yar Gwaggonki ta zo gida ƙarshen mako. Ba ita ta kawo ƙararki ba, ni na titsiye ta da tambaya, don haka ban yarda ki yi gaba da ita ba. Ta ce kin hau sikeli a wani kemis a Samaru kin ga ƙarin kilo 2, tun daga ranar kika daina karyawa. Da rana sai gurji da ruwa, da dare kuma ki dafa wani shayi da kika saya a Instagram, wai na rage tumbi. Ta ce waken da accan da na haɗa miki suna nan ƙarƙashin gado, ko ɗaurin ledar ba ki kwance ba. Ta kuma ce jiri ya ɗebe ki a bakin famfo sai da kika dafa bango, kika roƙe ta kar ta faɗa mini. Daren da na ji wannan ban runtsa ba.

Bari in fara da kilo 2 ɗin, tunda su suka tayar miki da hankali. Ki tuna makonni biyun farko da muka janye miki tuwo da shinkafa da biredi, yadda nauyin ya zube da sauri har kina tsalle a ɗakina. Me likita ta ce miki a ranar? Ta ce kar ki yi saurin murna, yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Idan aka daina cin sitaci ajiyar ta ƙare, ruwan sai ya bi ta. Idan aka dawo ana ci, ajiyar ta dawo da ruwanta. Kin je makaranta, abin da ya fi sauƙin samu shinkafa ce da taliya, kin ci, ruwan ya koma mazauninsa. Kitse ba ya taruwa kilo 2 cikin 'yan kwanaki a jikin yarinyar da ke yawon lakca a ƙafa. A kan ruwa kike azabtar da kanki, Ummi.

Na san abin da ake faɗa a gidan Gwaggo, cewa ni na fara, ni na koya miki tsoron abinci. Su faɗa. Ba su ne suka ga baƙin nan da ya kewaye miki wuya kina shekara 16 ba, wanda kike ta dirza da soso har fatar ta yi ja kina zaton dauɗa ce. Ni da na yi aikin jinya na san ba dauɗa ba ce, alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, kuma daga nan ciwon suga ake dosa. Ni ce nake yi wa Hajiya allura safe da yamma, ni nake wanke mata ƙafar nan. Sai in zuba ido in ga 'yata ta kama hanya ɗaya? Abin da na yi na yi shi ne da likita, da awon jini, kuma ko sau ɗaya ban bar ki kin kwana da yunwa ba. Sau uku kike ci. Ƙwai, kifi, awara, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuɓewa da nama, kindirmo ba suga. Da wa'adin ya cika muka dawo miki da tuwon dawa kaɗan-kaɗan, kamar yadda aka tsara tun farko. Wuyanki ya washe, awonki ya yi kyau, kika riƙe jikinki har kika gama sakandare. Yau ma aka mayar da ni wancan lokaci haka zan yi. Amma abin da kike yi yanzu, kar ki kuskura ki jingina shi da ni, ban koya miki shi ba.

Ƙibar ba ta ba ni tsoro kamar shayin nan. Wallahi da a ce kilo 10 kika ƙara da ban tashi hankalina haka ba, don na san hanyar sauke su. Shayin ne ya hana ni barci. Kin san abin da ke cikinsa? Mai sayarwar ma da wuya in ta sani. Da yawa daga irinsu filasko ne a ciki, filaskon nan dai da kika sani na wankin ciki, an sa shi a kwali mai kyau an ninka masa kuɗi. Ba ya taɓa kitse ko kaɗan. Gudawa yake sa ki, ki zubar da ruwan jikinki, da safe ki ga cikinki ya lafe ki ɗauka aiki yake yi. Tare da ruwan nan gishirin jiki yake fita, musamman fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Idan ya yi ƙasa sosai zuciya tana iya rikicewa ba tare da wani gargaɗi ba. Hanji kuma idan ya saba da turi yana iya kasa yin aiki sai an tura shi. Wasu kayan rage ƙibar ma an sha kama su da wani magani a ɓoye a ciki mai suna sibutramin, wanda aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki. Ba a rubuta shi a jikin kwali. Kin ma duba ko naki yana da lambar NAFDAC?

Sannan ƙoda. Ke ba ki taɓa shiga ɗakin wankin ƙoda ba, ni na shiga. Na ga yarinya sa'arki a kwance, an jona mata robobi biyu, jininta yana fita yana zagaya inji yana dawowa, awa huɗu cur, uwarta na zaune a kan benci da ledar magani a cinya ta riga ta sayar da duk abin da ta mallaka. Ana gamawa kuma a ce su dawo bayan kwana biyu ko uku. Jikin da kullum ake tatse masa ruwa, ga zafi, ga rashin abinci, ga haɗin da ba a san asalinsa ba, ƙoda ce take biyan bashin. Tun da na ji labarin shayin nan fuskarki nake gani a kan gadon nan. Haba Ummi! Ke da kika tashi a gidan da ko Panadol ba a sha sai an tambaye ni, ke ce za ki aika wa wata da ba ki taɓa gani ba kuɗin abincinki ta aiko miki da guba? Kuɗin da Abbanku yake matse kansa ya tura miki? Kina karatun jami'a amma hoton "kafin" da "bayan" ya ruɗe ki? Garin neman gira za ki rasa ido. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da kika ce a ɓoye mini.

Akwai abin da zan tambaye ki, kuma gaskiya nake so. Al'adarki tana zuwa daidai? Gashinki yana zuba a mataji? Idan mace ta hana jikinta abinci, yakan ɗauke al'ada, kuma wannan ba hutu ba ne, ƙashi ne yake rauni a ɓoye. A shekarunki ne ake gina ƙarfin ƙashin da za ki rayu da shi har tsufa, da shi za ki ɗauki ciki in Allah ya kawo lokacin. Ga ƙarancin jini, wanda dama kina da shi tun kina ƙarama.

Ba zan ce miki riƙe jiki bayan an rage abu ne mai sauƙi ba. Wanda ya sauke nauyi jikinsa yakan rage yawan abin da yake ƙonawa, yunwa kuma ta ƙaru, kuma hakan yana iya ɗaukar lokaci mai tsawo. Halitta ce, ba rashin ƙoƙarinki ba ne. Shi ya sa yunwa ba ta taɓa zama mafita. Ki wuni ba ki ci ba, ƙarfe goma na dare ki tsinci kanki a gaban mai shayi kina cewa a dafa miki Indomie biyu da ƙwai, gobe ki tashi da jin haushin kanki ki sake ɗaura wata yunwar. A Amurka akwai wata rajista da aka buɗe tun 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kusan kilo 14 suka kuma riƙe shekara ɗaya ko fiye. Da aka bi yadda suke rayuwa, mafi yawansu suna karyawa kullum, suna motsa jiki kimanin awa ɗaya a rana, yawanci tafiya ce kawai a ƙafa, suna kuma auna kansu a kai a kai. Abin da suke yi kenan, shekara da shekaru.

Don haka ki kwance ledar nan. Ki karya da ƙwai ko alale ko ƙosai da kunu mara suga. Wake ki riƙe shi da kyau, yana da araha, yana riƙe ciki, ba ya tayar da suga da sauri. Shinkafa da tuwo ba haramun ba ne, ki ci daidai dunƙulen hannunki, ganye ya fi su yawa a kwano. Zogale da rama da alayyahu da kabeji ba su yi wuya a Zariya ba. Inda nake so ki tsaya da ƙafarki shi ne lemon kwalba. Babbar roba ɗaya sugan da ke cikinta ya haura cokalin shayi 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar babba ya wuce kimanin cokali 12 a wuni gaba ɗaya, 6 ma ya fi. Zoɓon da ake sayarwa a gora shi ma suga ne zalla, ki dafa naki da citta da kanumfari. Ki riƙa takawa zuwa aji in ba rana ta yi tsanani ba. Ki yi barci, don mai kwana a kan waya yunwarsa ta fi ta kowa. Sikeli kuwa sau ɗaya a mako, da safe, guda ɗaya ba kemis-kemis ba, kuma kilo ɗaya ko biyu sama ko ƙasa ba labari ba ne.

Na ji kuma kin tsiri azumin Litinin da Alhamis. In don Allah kike yi, Allah ya karɓa, ki yi sahur ki yi buɗa-baki kamar kowa. In kuwa kin fake da shi ne don kar a tambaye ki me ya sa ba ki ci ba, ki ajiye shi har ki warware. Kin fi ni sanin matsayin niyya.

Ban manta da abin da kika sha ba, uwata. Ban manta bikin nan da kika shige bayan ƙyaure kina kuka ba, da sunan da yaran layi suka laƙaba miki, da yadda tela ya yi maganar yadi a gaban mutane. Na san tsoron komawa can ne yake korar ki, kuma ba na raina shi. Amma kin yi ƙoƙarin da manya da yawa suka kasa, kin yi shi kina cin abinci, ba abin da zai hana ki ci gaba a haka. Faɗan da na yi miki a sama tsoro ne ya sa ni, ki yi haƙuri da shi.

Kawunki zai bi ta Zariya ranar Asabar. Na ba shi busasshen zogale, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, busasshen kifi da ƙwai kiret ɗaya, Hajiya kuma ta ƙara miki da daddawa. Ki damƙa masa kwalin shayin, da wanda kika buɗe da wanda ba ki buɗe ba, ina so in gan shi da idona. Kafin ranar ki je asibitin makaranta a auna miki jini da suga, a duba ƙoda, ki gaya musu abin da kike sha ba tare da ɓoye komai ba, ki ɗauki hoton sakamakon ki turo mini. Ban gaya wa Abbanku ba tukuna. Idan Asabar ta wuce ban ga kwali da sakamako ba, zan gaya masa, kuma ni da kaina zan zo.

Ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Ummanki