Zuwa ga Umma, akan maganin Goggo

Assalamu alaikum Umma, da fatan kuna lafiya ke da Baba da duk mutan gida, ya zafi ya hidima. Mu nan Manchester sai godiya, sanyi ne dai da ruwan sama ba dare ba rana.

Umma naji saƙon muryar da Yaya ya turo cewa Goggo ta ƙi yarda da maganin da likita ya ce a bata na maƙoƙon nan, wai an ce mata irin abin da ake haɗa bom da shi ne za'a ɗura mata, wallahi raina bai ji daɗi ba shi yasa na zauna na rubuto dan a karanta mata a nutse, tunda aikin da nake yi kenan kullum a asibiti, a hannunmu maganin yake bi kafin ya kai ga mara lafiya.

Kunga komai da Allah ya halitta, ruwa ne ko ƙarfe ko jikinmu, daga ƙananan ƙwayoyi aka gina shi da ake ce wa atam. A tsakiyar kowanne akwai wasu ƙwayoyin da suka fi ƙanƙanta, firoton, galibi tare da niyutiron, kuma yawan firoton ɗin shine sunan abu. Mai 8 iskar oksijin ce, mai 26 ƙarfe, mai 79 zinare, mai 53 kuma aidin, wannan dai aidin ɗin da ake sakawa a gishirin da kuke miya da shi. Auta ta buɗe littafinta na kemistiri ta nuna muku jadawalin nan mai gida-gida, zata ga aidin a layin kusa da na ƙarshe ƙasan kulorin da buromin. Yuraniyom da ake haɗa bom da shi yana can ƙasa a lamba 92, shi wani sinadari ne daban.

To shi aidin ɗin iri-iri ne, kamar 'ya'yan uba ɗaya ne wani yafi wani jiki. Na gishiri niyutiron ɗinsa 74, ana ce masa aidin 127, yana nan daram baya canzawa. Na asibiti, wanda za'a ba Goggo, yana da 78, shine 131, wannan ƙarin huɗun ne yasa baya iya zama, yana fitar da wani haske da ido baya gani yana rikiɗewa ya koma wani sinadarin. Duk kwana 8 rabinsa ya tafi, kwana 16 saura kwata, kafin wata uku abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 1000 ba, banda wanda ya riga ya fita ta fitsari tun kwanakin farko.

Abin da yafi burge ni a aikin nan, halittar gaban wuyan nan tayirod ita ce mai zuƙe aidin a jiki kuma bata bambance na gishiri da na asibiti, sai ta janye maganin da kanta, mafi yawan hasken kuma tafiyarsa a cikin tsoka bata wuce milimita ɗaya zuwa biyu, a wurin yake aikinsa ya rage mata ƙarfi. Bugun zuciyar nan da rawar hannu da ramar da Goggo keyi duk daga yawan aikin tayirod ɗin ne. Kuma ba sabon abu bane, tun 1941 wani likita Saul Hertz ya fara ba marasa lafiya a Boston ta Amurka.

Bazan ɓoye muku ba akwai sharaɗi. Mai ciki da mai shayarwa ba'a basu sam. In ta sha zata kwana ita kaɗai na wasu kwanaki, kofinta da kwanonta daban, ta yawaita shan ruwa, jikokin nan masu hawa cinyarta a ɗan janye su, likita zai faɗi kwana nawa. Da yawa daga baya tayirod ɗin yana yin sanyi sai sun riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum da safe har iya rayuwa, gara ta sani tun yanzu.

Dan Allah Yaya ya rakata ranar komawa asibiti, ya ɗauko min hoton takardar gwajin jinin ya turo ta WhatsApp in gani, in tana so in kira muyi magana da ita da kaina ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku. Kuɗin mota na tura ta wajensa. A gaishe min da Baba da Inna da su Auta, Allah ya ba Goggo lafiya yasa kaffara ne.

'Yarku