Ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki: a riƙa auna suga tun a hanya

Malam Edita, barka da aiki.

Don Allah ka ba ni fili in yi magana kan abin da ya samu kawuna mai ciwon suga watan jiya. Da asuba bakinsa ya karkace, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama, muka ruga asibiti, da aka auna sugansa ya hau sosai.

Mutanenmu ba su san cewa sugan da ya yi yawa a jini yana ƙara ɓarnar da shanyewar ɓarin jiki ke yi wa ƙwaƙwalwa ba, domin inda jini ya toshe iskar oksijin ta yanke, sugan kuma sai ya koma asid yana ƙona wurin, sannan lokacin da jinin ya dawo wurin, jiki yana fitar da wasu sinadarai masu suna firi radikal, suna cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kamar tsatsa a jikin ƙarfe, kuma suga mai yawa na ƙara musu ƙarfi.

Insulin na sauke sugan, amma wallahi ba abin yi a gida ba ne da ka. Binciken SHINE da aka fitar a Amurka a 2019 ya nuna matsa insulin da ƙarfi bai fi na daidai amfani ba, sai ma faɗuwar suga, wadda ita ma kan lalata ƙwaƙwalwa. Likitoci kan riƙe sugan tsakanin 140 zuwa 180 a ma'aunin mg/dL.

Roƙona ga 'yan uwa, kar a tsaya shafa man zafi ko ɗura ruwa a baki, a garzaya asibiti, domin allurar narkar da gudan jinin da ya toshe galibi ba a yin ta bayan awa 4 da rabi da fara ciwon.

Naka,
mai karatu daga Zariya